Shekarar Da Na Leƙa Madubin Lokotoro Rakiya

Makon jiya na ji a rediyo cewa Lokotoro Rakiya, likitar nan, ta rasu a Yamai. Mutum uku suka yi magana a kanta, dukansu masu dogon karatu. Sun ce tana cikin waɗanda suka fara binciken rashin haihuwa a ƙasar nan, ta koyar da likitocin da su ma yanzu suna koyarwa, ta tilasta a riƙa auna miji kafin a taɓa mace, ta share wa mata hawaye. Duk gaskiya ne, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma babu wanda ya ambaci Diffa, inda ta fara aikin a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, kuma babu wanda ya tambayi su wane ne mazan da aka fara aunawa, da abin da ya same su bayan an auna. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Allah ya jiƙanta, ban ce ta cuce ni ba. Na ce dai a rubuta da ni a ciki.

Ku ƴaƴan ƙanena Modu nake rubuta wa, tunda ku ne kuka tashi a tsakar gidana kuna ce mini Baba Kyari. Na san abin da kuka ji a garinmu Shetimari. Wasu sun ce muku ni na kori matata Yagana don ba ta haihu ba. Wasu sun ce ita ta gudu don ni ba namiji ba ne. Na biyun nan ma da dariya ake faɗa, na sani, na sha jin ƙarshenta in na shigo majalisa. Duka biyun ƙarya ne. Karatuna aji biyar ne na lakwal, makarantar boko, daga nan babanmu ya cire ni don ban ruwan tattasai, saboda haka kada ku nemi iya rubutu a nan. Ku nemi yadda abin ya faru.

Sai na fara da abin da ku ba ku sani ba, don ya ƙare kafin ku yi wayo. A zamaninmu, yaron bakin kogin Komadugu in ya kai shekara goma ko sha biyu, fitsarinsa yakan koma ja. Ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Cewa ake yaro ya fara zama namiji, kamar yadda yarinya take ganin nata jinin. Mukan jeru a kan yashi bayan mun fito wanka, mu yi, a duba na wa ya fi ja. Wanda nasa ya fito fari, mace muke ce masa har ya yi kuka. Nawa ya fi na kowa. Ranar da babanmu ya gani, da yamma ya miƙo mini cinyar kaza a gaban baƙi, abin da bai taɓa yi ba. Na yi shekaru ina alfahari da wannan cinya. Ku riƙe wannan.

Na auri Yagana ina da ƙarfina. Ƴar Geskeru ce, gajera, mai saurin hannu. In ana tsinkar tattasai tana gama layi biyu kafin wata ta gama ɗaya, kuma ba ta magana in tana aiki, sai dai ta yi ta ƙananan waƙoƙi a hanci. Shekara ta farko ba wanda ya ce komai. Ta biyu aka fara duban cikinta. A ta uku Modu ya yi aure, kafin shekara ta zagayo aka haifi babbarku, daga nan kakarku Ya Fanna ta ɗauki maganar a kanta. Ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Uwa ce da ta ga ɗa ɗaya da goyo a gidansa, ɗaya babu, kuma a duniyarta irin wannan abu daga mace yake. Yagana ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta zauna kan hayaƙi har idonta ya kumbura, an kai ta wajen wata tsohuwa a ƙetaren kogi ta murza mata ciki kwana uku. Ni kuwa ba wanda ya ba ni ko ruwan ɗumi. Haka muka kai shekara bakwai.

A shekara ta bakwai ɗin, wajen ƙarshen damina, lokacin da kogi ya dawo muka fara dashe, aka fara maganar wata lokotoro mace da aka kawo asibitin Diffa. Ƴar Damagaram ce, an ce ta yi karatu a ƙasar Turawa, har ta yi aiki inda ake haɗa ɗa a cikin kwalba. Wannan maganar kwalba ita ta kama ni. Ni tun ina lakwal mutum ne mai son ya buɗe abu ya ga cikinsa. Rediyon babanmu na kwance na sha duka, injin ban ruwa na farko da ya shigo garinmu ni na fara sanin cikinsa. Gaskiyar magana, da na ce wa Yagana ta shirya mu je Diffa, rabi don ita ne, rabi don in ga matar da ta san yadda ake sa mutum a kwalba.

Na zaci zan ga babbar mace mai gilashi. Sai ga wata siririya da takalmin roba, tana cin gyaɗa daga aljihun farar rigarta. Ɗakin ba komai sai tebur, gado, da wani abu an rufe shi da zane kamar jariri. Ta gaishe mu da Barbarci, biyu uku da ta koya, ta karya su har Yagana ta rufe baki tana dariya. Sannan ta koma Hausa, ta yi tambayoyi, ta rubuta a karne, ɗan littafin asibiti. Na miƙe zan fita in ba su wuri.

"Ina za ka, Malam Kyari? Da kai zan fara."

"Ni lafiyata lau, Lokotoro. Ita na kawo."

"Wa ya ce maka lafiyarka lau?"

"Ai mutum ya san kansa."

"Kai manomi ne ko? In ka shuka bai fito ba shekara bakwai, ƙasa kaɗai kake tuhuma, ba ka taɓa buɗe buhun iri ka duba ba?"

Na ce iri ai ana ganinsa da ido.

"Wannan ma ana gani," ta ce, ta ɗage zanen. "Naka awon minti kaɗan ne, ba allura, ba wuƙa. Nata mai wuya ne. Don me zan fara da mai wuya?"

Abin da ke ƙarƙashin zanen shi ne madubin da ake ganin ƙananan abubuwa. Na taɓa ganin hotonsa a littafin mushe, malaminmu na lakwal, ban taɓa ganinsa tsaye ba. Na ji haushin maganarta har wuyana, amma idona ya ƙi barin abin. Na tambaye ta ko za ta bar ni in leƙa. Ta ce in na kawo abin da ta nema, ni da kaina zan leƙa nawa. Da wannan ta kama ni, ba da wa'azi ba.

Ta duba Yagana ranar duk da haka, ta ce sai sakamako ya haɗu za ta yi magana. Da za mu fita ta tsayar da ni a baranda, ta nuna mini wasu mata uku zaune ƙarƙashin bishiya nesa da kowa, kowacce a kan tsumma. Ta ce biyu daga cikinsu aska aka sa musu a gaba don su haihu, askar ta huda inda bai kamata ba, yanzu fitsari ba ya tsaya musu. Ta ce ko me za a ba matata ta sha a gida, wannan tsakaninmu ne, amma kada in bari a sa mata ƙarfe. Na ce to, ina tunanin wani abu daban.

Abin da ta nema biyu ne: fitsarin tsakar rana, da maniyyi, bayan na ƙaurace wa iyali kwana uku. Ku yi haƙuri, na ce muku ba zan yi kwana-kwana ba. Ta ba ni ƴan kwalabe biyu, ta ce na biyun ya iso mata da ɗuminsa, kada ya yi sanyi, kada rana ta buge shi. Muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu a Diffa. Da lokaci ya yi na rasa inda zan sa kwalbar, aljihu na ganin kowa zai gane, sai na cusa ta cikin hulata na kafa a kai. Haka na ratsa kasuwar tattasai, wuya a sanƙare, mutane suna gaishe ni ina amsawa ba na sunkuyawa. Wani dillali da ya san ni ya ce, "Kyari, yau sarauta aka ba ka ne?" Da na isa na cire hula na miƙa mata, ta yi dariya har ta zauna. Ta ce a duk inda ta yi karatu ba wanda ya koya mata wannan dabarar, kuma daidai ce.

Yagana tana waje tare da mata. Lokotoro ta ɗiga ɗigo a kan ɗan gilashi, ta murɗa, ta daɗe tana kallo, tana danna wani abu a hannunta tana ƙirga. Dariyar ta tafi daga fuskarta, ni ban lura ba a lokacin, sai daga baya. Ta ce kafin in ga nawa, in fara ganin yadda ya kamata ya kasance. Ta sa wani gilashin, ba ta faɗi na wane ne ba.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Kun san ƴaƴan kwaɗi a lambatu in ruwa ya kwana? Haka, amma fili cike, ba iyaka, kowanne da kai da wutsiya, suna gudu ta ko'ina, suna gogar juna, ba mai tsayawa. Na ɗago kai na dubi gilashin da idona, ɗigo ne kawai, bai kai ƙwayar gero ba. Na sake leƙawa, suna nan suna gudu. Na ce, "La ilaha illallahu." Na tambaye ta ko suna da ido. Ta ce a'a. Na ce to ta yaya suke sanin hanya. Ta ce wannan tambayar manyan malamanta ma ba su gama amsa ta ba. Na tambaya ko kowanne mutum ne. Ta ce rabin mutum, rabin yana wajen mace, kuma ɗaya ne kawai yake isa. Na yi ta tambaya kamar yaro, ta yi ta amsawa, na manta abin da ya kawo ni.

Sannan ta sa nawa.

Fili ne fari. Na nema na nema, ta murɗa mini, can gefe na ga ɗaya kwance, wutsiya a lanƙwashe. Can na ga wani yana motsi a wuri ɗaya kamar wanda aka ɗaure. Shi ke nan. Amma akwai wani abu da babu a gilashin farko, babba, mai siffar ƙwan kifi, da ƴar ƙaya a ƙarshensa. Kyakkyawa ne ma, in mutum bai san ko mene ne ba.

"Wannan fa?"

"Ƙwan tsutsa ne. Da kana yaro ka yi fitsarin jini?"

"Na fi kowa," na ce. Wallahi da alfahari na faɗa.

Ta ajiye alƙalaminta. Ta ce sunan abin tsargiya. Tsutsar tana fitowa daga ƙananan katantanwar da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta shiga ta fata in mutum yana wanka ko ban ruwa, ta zauna a jijiyoyin mara shekara da shekaru tana zuba ƙwai. Wannan ƙayar ita ke tsaga jiki ta fito, shi ne jinin. Inda ta tsaga yakan warke da tabo, tabo kuma yana iya toshe hanya. Ta ce tun da ta zo take ganin ƙwan nan a wajen mazan bakin kogi, shi ya sa take rubuta kowane ɗaya, tana son ta gane iyakar ɓarnarsa.

"Ƙanena ma ya yi," na ce. "Ƴaƴansa uku."

"Ba kowa take yi wa haka ba. Kuma ba zan rantse maka ita kaɗai ce ta yi maka ba. Abin da na gani nake faɗa. Matarka ban ga abin da zai hana ta ba. Kai na gani."

Babanku ya yi iyo a ruwan da na yi, ya jera da ni a yashi guda, ga ku nan ku shida. Na daɗe ina juya wannan, har yau ban sami inda zan ajiye shi ba.

Ta auna nauyina, ta ba ni manyan ƙwayoyi masu ɗaci na haɗiye a gabanta. Ta ce za su kashe tsutsar, amma jiki yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya ƙera sabon iri, sai lokacin za mu san ko hanya ta buɗe. Ta ce in kira Yagana mu gaya mata tare. Na ce a'a, ni zan gaya mata a gida. Ta dube ni ta ce sirrina ne, ba za ta fasa shi ba, amma kuma ba za ta rubuta wa mace mai lafiya magani don ta rufa mini asiri ba. A mota Yagana ta tambaye ni me aka ce. Na ce an ce mu jira.

Nan ne laifina, kuma ba na son wani ya rage mini shi. Na ce a raina wata uku ne, in iri ya dawo ta yi ciki, wa zai san an taɓa yin wani abu? Ya Fanna ta ci gaba da kawo ƙoƙo kowace safiya, Yagana tana toshe hanci tana shanyewa, ni ina ɗaura wa jaki kaya ina kallon wani wuri. A gona kuwa na zama wani iri. Ina tsugunawa bakin lambatu in tsinci katantanwa in fasa da farce, ina neman abin da na san ba zan gani ba. Na ajiye wasu a gwangwani na kai wa Lokotoro, ta yi murna kamar na kai mata rago, ta tambaye ni daga wane wuri, ruwan yana gudu ko yana kwance, ta rubuta.

Da wata uku suka cika na koma ni kaɗai. Ƙwai sun tafi. Fili yana nan fari. Ta ce mu ƙara jira, amma ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta sa rai sosai. Sai na tambaye ta maganar kwalbar. Ta zana mini a bayan takarda: a ciro ƙwan mace, a haɗa shi da na namiji a ɗan faranti, in ya kama a mayar cikin mahaifa. Ta ce ta riƙe irin farantin nan da hannunta. Ta ce a can har sun fara ɗaukar guda ɗaya tak, irin raggon nan nawa, su sa shi cikin ƙwan da allura siririyar da ido ba ya gani.

"To ai ina da ɗaya. Na gan shi."

"Kana da shi. Amma abin yana can, kai kana nan. Ni a nan wuta ma sai ta ga dama take zuwa."

"To me ya dawo da ke?"

"A can ina taimakon mutum ɗaya bayan ya lalace. A nan in na gane abin nan, ƙwaya kaɗan za ta tsare yaro kafin ya lalace."

"Ni kuma fa?"

Ba ta amsa ba. Ta tura mini gyaɗa a kan tebur. Wannan shirun na fi girmama mata a kan duk abin da aka faɗa a rediyo, kuma shi na fi jin haushi.

Wata biyu bayan haka, tsakiyar tsinka, tattasai shanye ja wur a bayan gari, na dawo gida da hantsi don bel ɗin inji ya tsinke. Na tarar da baƙon takalmi a ƙofar ɗakin Ya Fanna, da zabirar wanzami a kan tabarma. Mata biyu na dangi suna tsakar gida, an ɗora ruwan zafi. Yagana tana zaune a bakin ɗaki da tsohon zane, an kwance mata kitso, fuskarta ba komai. Ba a gaya mini ba don an san aikin mata ne. Wanzamin Bahaushe ne daga yamma, an ce ya iya yankan gishiri, ya yi wa mata da yawa sun haihu.

"Ya, mene ne wannan?"

"Koma gonarka. Abu kaɗan ne za a cire mata, ya tare hanya."

"Ba abin da ya tare mata hanya."

"Kai ka leƙa ka gani?"

"Na leƙa."

Wanzamin ya fito yana goge aska a tafin hannu, ya ce, "Maigida, kwantar da hankalinka, kafin ka sha ruwa an gama." Na dubi askar. Na tuna matan nan uku a kan tsumma. Zan so in ce muku na yi magana nan take, amma sai da na tsaya har ɗaya daga matan ta kama hannun Yagana ta tashe ta. Sannan bakina ya buɗe, kuma da ya buɗe da ƙarfi ya fito, har maƙwabta suka ji ta kan dangan kara.

"Ku sake ta. Ni ne. An auna ni a Diffa, ni ne ba ni da iri. Ita lafiyarta lau."

Ya Fanna ta ce in yi shiru, an yi mini asiri. Na ce ba asiri, tsutsa ce, jan fitsarin nan ne da aka ba ni cinyar kaza a kansa. Ta ce, "Ubanka ya yi, kakanka ya yi, da me aka haife ka?" Na ce ban sani ba, Lokotoro ma ba ta gama sani ba, amma na ga nawa da idona, fili ne babu kowa. Wanzamin ya naɗe zabirarsa ba sallama. Kafin la'asar maganar ta kai tasha.

Abin da ya biyo baya kun ga ƙarshensa. Mutanenmu ba su raba rashin iri da rashin ƙarfi, a wajensu duk ɗaya ne, kuma ban tsaya ina yi wa kowa bayani ba. Aka sa mini suna, ba zan rubuta shi ba, kun san shi. Amma ga abin da ba ku sani ba. Waɗanda suka fi dariya a majalisa, uku daga cikinsu sun same ni a gona ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fara da tambayar inji, ya ƙare da tambayar wace ƙofa ake shiga a asibitin, kuma ko matar da ke awon tana da riƙon sirri. Ɗaya ya sami ƴaƴa bayan ya sha ƙwayar. Bai taɓa gaishe ni a gaban mutane ba tun daga nan. Lokotoro ta zo garinmu da madubinta ta jera dattawa suka leƙa ƙwan mai ƙaya, bulama mai gari ya leƙa sau biyu. Bayan ƴan shekaru aka fara raba ƙwayar a lakwal, ita kuma aka ɗauke ta zuwa Yamai. Ku duk kun sha, ni na riƙe muku hanci. Yau yaro in ya ga ja a fitsarinsa gudu yake wajen uwarsa.

Washegari Yagana ta tashi kamar kullum. Ta sake kitso, ta koma tsinka. Na ɗauka na tsare ta, na ce a raina na ba da sunana na sayi matata, ba laifi. Sai da aka ɗure buhu na ƙarshe, muna zaune mu biyu a inuwar rumfar gona da azahar, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Tun zuwanmu na farko."

"Wata biyar ke nan."

"Biyar."

"Ƙoƙon nan, kana gani ina sha."

Na ce ina gani.

"Da ka gaya mini a motar nan, ni da kai, ban san abin da zan yi ba. Wataƙila da na zauna. Da na ce wa Ya ni ce, in ci gaba da sha, in dai na san don me nake sha." Ta kakkaɓe zanenta. "Ka hana a yanka ni, Allah ya saka maka. Amma shekara bakwai ina roƙon Allah ya yafe mini abin da ban yi ba. Ina son ɗa, Malam. Yanzu ba na jin kunyar faɗa."

Na gane saki take nema. Da na so, da na ƙi. Ba alƙalin da zai tilasta ni a ranar, kuma na san in na roƙe ta za ta ƙara shekara, ta ƙara wata. Na sake ta saki ɗaya. Ni da kaina na ɗora kayanta a mota na raka ta Geskeru, abin da ba a yi. Babanta ya karɓe ni a zaure, tsoho ne mai kunya, ya yi ta gyara tabarma. Daga ƙarshe ya ce mutane za su tambaya, mace ta fito bayan shekara bakwai ba goyo, me zai ce musu?

"Ka ce lafiyarta lau, daga mijin ne. Ka ce ni na faɗa. Wanda bai yarda ba ka turo shi Shetimari, gonata tana bakin kogi, kowa ya sani."

Na faɗa ne don in fita daga zauren da kaina a sama. Ban ɗauka wani zai zo ba.

Bayan ta gama idda da kamar wata biyu, ina ban ruwa, na ga wani dogo yana tahowa ta kan kunya, ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Masunci ne daga wajen Geskeru, matarsa ta rasu. Ya tsaya a bakin lambatu ya gaishe ni, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiya, ya sake komawa kan gona. Inji yana ta ƙara, shi yana ta juya takalmi a hannu, ya kasa. Na ga in na bar shi za mu kai magariba. Na je na kashe injin.

"Maganar Yagana ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya aka gaya maka. Ni ne. Je ka aure ta. Kuma in tsohuwarka ta kawo mata ƙoƙo, ka zubar."

Ya yi godiya, ya ƙara godiya, ya juya ya bi kunyar da ya zo ta kai, bai sa takalmin ba har ya fita daga gonar. Ruwa ya tsaya a rabin layi. Na naɗa igiya na ja, sai a ja na huɗu injin ya tashi.